Titanic Rising: Kundin Weyes Blood da Tarihin Sautin da Ya Farfaɗo da Shi

Titanic Rising kundin waƙoƙi ne na mawaƙiyar Amurka Natalie Mering, wadda aka fi sani da Weyes Blood. Kamfanin Sub Pop na birnin Seattle ne ya fitar da shi ranar 5 ga Afrilun 2019. Shi ne kundinta na huɗu, yana ɗauke da waƙoƙi 10 masu tsawon kusan minti 42, kuma ita da Jonathan Rado na ƙungiyar Foxygen suka tsara kiɗansa. Ana lissafa shi cikin rok mai taushi, wato salon da ya rage kururuwar jita da dukan ganga, ya bar wa fiyano da gogen Turawa da murya fili. Wanda ya ji shi karon farko zai iya rantsewa a farkon shekarun 1970 aka naɗe shi, kuma daga nan gardama ta taso a kansa. Wasu na ganin kwaikwayo ne kawai na zamanin da ya shuɗe. Amma idan aka bi tarihin salon da na mai kundin, za a ga Mering ta ari wannan sauti ne saboda aikin da aka san shi da shi tun asali: isar da labari marar daɗi ga mutane ba tare da sun toshe kunnuwansu ba.

Salon ya yi tsiro a kudancin Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960. Brian Wilson na The Beach Boys ya riga ya nuna, da kundin Pet Sounds na 1966, cewa waƙar matasa za ta iya ɗaukar goge da ƙaho da muryoyi hawa-hawa ba ta karye ba. A 1970 Karen Carpenter da yayanta Richard suka kai "Close to You", wadda Burt Bacharach da Hal David suka rubuta, matsayi na ɗaya a Amurka. Shekarar da ta biyo baya ita ce kakar salon: Carole King ta fitar da Tapestry, Joni Mitchell ta fitar da Blue, Harry Nilsson ya fitar da Nilsson Schmilsson. Da yawa daga cikin mawaƙan wannan zamani maƙwabtan juna ne a unguwar Laurel Canyon ta Los Angeles. Ya kamata a tuna halin da ƙasar take ciki a lokacin. Yaƙin Biyetnam na ta cin samari, an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, abin kunyar Watergate kuma na tafe. Jama'a sun gaji da ihu. Sai dai abin da ya maye gurbin ihun ba farin ciki ba ne. Rumours na Fleetwood Mac, wanda ya fito a 1977 ya kuma sayu kamar me, masoya biyu-biyu ne na cikin ƙungiyar suka naɗe shi a daidai lokacin da suke rabuwa, kowa na rera laifin ɗan'uwansa a gabansa. Muryar Karen Carpenter, mai kauri da natsuwa, ita ce ta fi kowace daɗi a rediyon wancan zamani, alhali mai ita tana fama da ciwon ƙin cin abinci da ya yi ajalinta a Fabrairun 1983 tana da shekara 32. Taushin kiɗan tun farko mayafi ne, kuma masu saurare sun san akwai abin da ke ƙarƙashinsa.

Masu sharhin kiɗa na lokacin ba su ga haka ba. A wurinsu kiɗan 'yan lelen iyaye ne, na masu gudun rigima. Da Carpenters, wato Karen da Richard, suka yi wasa a fadar White House a 1973, lokacin da Shugaba Nixon ya karɓi baƙuncin Willy Brandt na Jamus ta Yamma, sai masu wannan zargi suka ce magana ta ƙare. Zuwan kiɗan punk a 1976 da 1977 ya ƙarasa binne mutuncin salon, har ya zama abin kunya matashi ya ce yana sonsa, fayafayansa kuma suka koma kwandon 'yan gwanjo. Juyin ya faro a hankali. A 1994 aka fitar da If I Were a Carpenter, inda ƙungiyoyin da aka sani da tsaurin kiɗa, har da Sonic Youth, suka sake rera waƙoƙin Carpenters da girmamawa. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 an samu matasan da suka rungumi salon ba tare da neman afuwar kowa ba, irin su Tobias Jesso Jr. da kundinsa Goon na 2015, da 'yan'uwan nan biyu na The Lemon Twigs, waɗanda Rado ya tsara musu Do Hollywood a 2016, suka kuma yi kiɗa a cikin Titanic Rising. Abin dariya a nan shi ne, Sub Pop ɗin da ya fitar da wannan kundi mai laushi shi ne ya fitar da kundin Nirvana na farko, Bleach, kusan shekara 30 kafin nan.

Hanyar da Mering ta bi ita ce hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa kewar da ce ke damunta. An haife ta a Santa Monica a 1988, shekara biyar bayan rasuwar Karen Carpenter, don haka ba ta ga zamanin ba balle ta yi kewarsa. Ta tashi a Doylestown ta jihar Pennsylvania a gidan Kiristoci masu riƙo da addini, inda ta saba da waƙar coci. Sunan da take waƙa da shi ta samo shi ne daga littafin Flannery O'Connor na 1952. Farkon sana'arta kuwa a cikin masu kiɗan hayaniya ta yi shi, waɗanda ke wasa a ɗakunan ƙasa da kaset-kaset da na'urorin da aka lalata da gangan don su fitar da ƙara marar tsari. Kundinta na farko, The Outside Room na 2011, muryarta a nutse take cikin amo. A The Innocents na 2014 da Front Row Seat to Earth na 2016 muryar ta riƙa fitowa fili. Ke nan daga wajen hayaniya ta zo ga taushi, da idonta a buɗe, bayan ta gano cewa hayaniya ta daina razana kowa.

Sawun wancan tarihi yana nan a cikin kundin. Waƙar farko, "A Lot's Gonna Change", ba da fiyano take buɗewa ba. Wani sautin lantarki ne mai rawa, kamar na kaset ɗin da ya sha rana, yake fara shigowa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan fiyano ya sauko, sannan goge ya cika ɗakin. An sanar da mai saurare tun daga bakin ƙofa cewa wannan tsohon sauti ta cikin na'ura yake zuwa masa. A "Andromeda" jitar da ake jan ƙarfe a kan tsirkiyarta, irin wadda aka san George Harrison da ita, tana tafiya ne a kan bugun gangar inji. "Everyday" ta fi kowace fara'a, da tafi da muryoyin amshi irin na shekarun 1960, amma maganarta a kan neman masoyi ne a zamanin da ake zaɓen mutum a waya a kuma watsar da shi a waya, bidiyonta kuwa kwaikwayon fim ɗin kisan gilla ne. "Movies" ita ce ƙashin bayan kundin. Rabinta na farko babu ganga ko kaɗan, sai sautin lantarki mai kai da komo da murya mai jan numfashi, kamar daga ƙarƙashin ruwa ake rerawa, daga baya goge ya ɓarke da gudu ya ja waƙar zuwa sama. Babu situdiyon 1971 da zai fitar da wannan. "Picture Me Better" kuwa an rubuta ta ne ga wani abokinta da ya kashe kansa ana tsakiyar aikin kundin, kuma ita ce aka fi rage wa ado.

Bangon kundin ma magana ɗaya yake yi. An gina ɗakin kwanan matashiya sukutum, da gado da labule da hotuna a bango, aka nutsar da shi cikin ruwa a Long Beach, mai ɗaukar hoto Brett Stanley ya ɗauki Mering tana shawagi a tsakiyarsa da riga da wandon jins, idonta a buɗe. Ba haɗin kwamfuta ba ne. Ita tana cikin 'yan matan da fim ɗin Titanic na James Cameron ya kama a 1997, fim ɗin da ko a ƙasar Hausa an kalle shi har an gaji. Abin da ta ɗauka daga labarin jirgin shi ne girman kan ɗan'adam da rabon asara. Jirgin ya nutse a Afrilun 1912 da mutum kusan 1,500, kuma a cikin fasinjojin aji na uku kusan kashi uku cikin huɗu ne suka mutu, alhali akasarin 'yan aji na ɗaya sun tsira. Ta sha danganta wannan da ɗumamar yanayi, inda ƙanƙara ke narkewa, teku ke tasowa, talakawan duniya kuma su ne a ƙasan jirgin. Kundin ya rufe da ɗan gajeren kiɗan goge mai suna "Nearer to Thee", ishara ga waƙar cocin da ake cewa makaɗan jirgin sun kaɗa yana nutsewa.

Suka mafi nauyi ita ce irin wadda marubucin Ingila Simon Reynolds ya yi a littafinsa Retromania na 2011, cewa kiɗan wannan ƙarni ya kamu da cin tsohon abincinsa, ya kasa ƙirƙiro sabo. Akwai gaskiya a ciki, kuma wasu kundayen wannan zango ba su wuce kayan ado na tsohon yayi ba. Amma ma'aunin da ke cewa sabon sauti ne kaɗai ci gaba ma'auni ne na ɗan lokaci, wanda shekarun da ake ta samun sababbin na'urori suka haifar. Carole King da kanta daga masana'antar rubuta waƙoƙi ta New York ta fito, Nilsson kuma a 1973 kundi guda ya yi na waƙoƙin zamanin iyayensa. Abin tambaya shi ne ko mai aron ya sa abin aron wani aiki, kuma a nan an sa shi: sautin da ya raka Amurkawa cikin ruɗanin Biyetnam aka ɗauko don ya raka jikokinsu cikin nasu ruɗanin.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Idan da gaske duniya na nutsewa, kiɗa mai daɗi haka ba rarrashi ba ne, irin wanda ke sa mutum ya gyara kwanciya? Ana iya ƙarawa da cewa kundin bai ambaci ko kamfanin mai ɗaya ba, kuma baƙin cikin da ke cikinsa na 'yan aji na ɗaya ne masu kallon ruwa ta taga. Wannan ɓangare na ƙarshe gaskiya ne, kuma babu amfanin musunsa. Kundin ba ya magana da yawun waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu, bai kuma yi da'awar haka ba. Amma zargin rarrashi bai zauna ba, domin waƙoƙin ba sa cewa komai zai daidaita. Suna bayyana yadda mutum yake ji idan ya san abin da ke tafe kuma dole gobe ya tashi ya tafi aiki. Waƙar zanga-zanga tana da nata wurin, sai dai akasari waɗanda suka riga suka yarda ne ke sauraronta. Wannan kuwa ya shiga gidajen da waccan ba za ta shiga ba.

Kundin ya samu karɓuwar da babu wani aikinta na baya da ya samu, mujallar Uncut ta Ingila ma ta zaɓe shi kundin shekarar 2019. A 2021 Lana Del Rey ta gayyace ta tare da Zella Day suka sake rera "For Free" ta Joni Mitchell. A Nuwamban 2022 ta fitar da And in the Darkness, Hearts Aglow, wanda ta ce shi ne na biyu cikin jerin kundaye uku da Titanic Rising ya buɗe. Annobar korona ta shiga tsakanin kundayen biyu, shi ya sa na biyun ya fi karkata ga kaɗaici da rabuwar mutane da juna. Da Rado suka sake yin akasarin aikin, a situdiyon EastWest na Los Angeles, ginin da Brian Wilson ya naɗi yawancin Pet Sounds a cikinsa lokacin ana kiransa Western.