Rangwamen Takin Zamani da Manoman Yammacin Kano: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin tallafin da hukuma ta riƙa bai wa manoma a ƙasashen Gwarzo da Kabo, inda garin Dugabau yake. Tun da fari ya kamata mu lura cewa a nan ba tsabar kuɗi aka saba damƙa wa manomi ba. Yawancin tallafin ta hanyar rangwamen farashin takin zamani ya zo, kuma wannan shi ne tushen amfaninsa da illarsa.

2.0 Zamanin Gyaɗa

Tun bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da talaka ke biyan haraji da shi. Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, takan yanke farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa ta shiga ayyukan gwamnati. Ke nan a wancan zamani manomi ne yake tallafa wa hukuma. Ƙarfin gonarsa kuwa daga takin gida yake, da kashin shanun Fulani masu sauka bayan kaka, sai ɗan sufa da malaman gona suka fara yaɗawa.

3.0 Juyawar Al'amari

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun karya wannan tsari, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka bunƙasa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, ta kuma karɓi sayen taki da rarraba shi, tana ɗaukar wajen kashi 75 cikin ɗari na kuɗinsa. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa KNARDA da taimakon Bankin Duniya, tare da kamfanin KASCO mai sayar da kayan noma. Arahar kamfa da yuriya ta sa masara, wadda a da shukar bayan gida ce, ta shiga manyan gonaki tana gogayya da dawa da gero.

Sai dai duk kayan da ke da farashi biyu, na hukuma da na kasuwa, yakan jawo 'yan baranda. Taki ya riƙa sulalewa zuwa kasuwanni har da ƙetaren iyaka, ko kuma ya iso bayan shuka ta wuce lokacin buƙatarsa. An janye rangwamen a 1997, aka maido da kashi 25 cikin ɗari a 1999. A 2012 aka gwada aika wa manomi saƙo ta wayar hannu don ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi, amma buhu 2 ba su isar mai gandu.

4.0 Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, rangwame ya sauya irin abin da ake shukawa, har ya ɗaure manomi ga takin da ba shi da iko a kan farashinsa ko ranar isowarsa. Don haka muna ganin ma'aunin kowane tallafi abu biyu ne: wa ya karɓa, kuma a wane wata. Buhun da ya iso Dugabau a watan Agusta, ko da kyauta ne, bai kai darajar wanda aka saya da tsada a watan Mayu ba.