Garmahon Baba da mai ƙahon tagulla

Bara da hunturu, mahaifin wani ɗalibina a nan Tanda ya tare ni bayan an tashi daga lakwal. Ya ce, "Mushe, don Allah zo ka duba mana wani abu kafin mu yi ciniki." Wani dillalin kayan tarihi ne ya ƙetaro daga Malanbil da garmaho mai ƙaton ƙahon tagulla, sai walƙiya yake yi, ga hoton karen nan mai sauraro a gabansa. Yana so a ba shi tsohon garmahon Baba, kakan ɗalibin, wani baƙin akwati da ya sha jiki, a kuma cika masa jikka 20. A cewarsa nasa ya haura shekara 100.

Tarihin na'urar ne ya raba mana gardama. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai naɗar murya ta maido da ita, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da mai faifai. Kamfanin Gramophone na Landan, wanda aka kafa a 1898, ya sayi zanen karen daga hannun Francis Barraud a 1899, daga nan aka sami tambarin His Master's Voice. Garmahon farkon ƙarni na 20 ƙahonsa a waje yake. Tun daga 1906 aka soma ɓoye ƙahon a ciki, daga baya na hannu irin na akwati suka cika duniya, musamman samfurin HMV 102 da ya fito a 1931. Da aka daina yayinsu, sai wasu masu sana'a, galibi a Indiya, suka riƙa ciro injinan na akwati suna dasawa cikin sabon katako, su ɗora sabon ƙaho, su manna hoton kare.

Da wannan na duba na dillali. Hannun da ake juyawa ya shiga katakon a karkace, kuma haka yake a yawancin na akwati, alhali na masu ƙaho a miƙe yake shiga. Gwiwar ƙahon guntayen bututu ne aka haɗa da dalma, ba lanƙwasa ɗaya mai santsi ba. Sukurorin jikinsa masu tsagar gicciye ne, waɗanda ba su bazu ba sai shekarun 1930. Da muka ɗaga murfin, cikin katakon fari fat, har da ƙamshin fenti. Kyan ɗan maciji ke nan.

Dillali bai rasa amsa ba. Ya nuna na Baba ya ce, "To wannan fa, Malam, ba haɗe-haɗe ba ne?" Gaskiyarsa. Hannunsa maƙeri ne ya ƙera, sifirin ɗinsa da ya tsinke mai gyaran agogo a Gaya ya sake shi. Amma Baba ya san labarin kowane gyara. A Kumasi ya sayo shi yana saurayi ɗan cirani, kafin Gana ta sami ƴancin kai a 1957. An yi masa faci ne don ya ci gaba da waƙa. Na dillali kuwa an harhaɗa shi ne don ya yi ƙaryar shekaru. Masu tara irin waɗannan kaya suna rage kuɗin wanda aka yi wa gyara, amma jabun ba sa ɗaukarsa bakin komai sai ado. Ga shi kuma kan allurarsa ba ya zama daidai, yana cinye faifai.

Cinikin bai yiwu ba. Da Baba ya amince, na kai garmahon aji, yara suka yi masa tambayoyin da muke koya musu su yi wa kowace shaidar tarihi: wa ya yi ka, yaushe, wa ya riƙe ka, me aka sake a jikinka?

Iyaye, in akwai irinsa a ɗakin tsoho, kada ku ɗora masa faifan roba mai juyi 33 ko 45, allurar ƙarfe za ta kashe shi. Nasa shi ne mai juyi 78, kuma a sake allura bayan kowane gefe. Sannan ku zaunar da yaro da littafi da biro a gaban mai shi, tun yana da rai, ya rubuta inda aka sayo shi da hannuwan da suka taɓa gyara shi.