Ajaokuta: Abin da ya hana kamfanin ƙarafa fara aiki

Kamfanin sarrafa ƙarafa na Ajaokuta, wanda ke jihar Kogi a Najeriya, yana cikin manyan ayyukan injiniyoyi da aka taɓa farawa a nahiyar Afirka.

A shekarar 1979 ne gwamnatin Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar gina shi da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, kuma shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980.

An tsara cewa a zangon farko zai riƙa samar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara.

Yadda aka tsara aikin

Masana'anta irin wannan tamkar sarƙa take. Ana haƙo tama, a tace ta, a narkar da ita a babbar tanderu, kana a miƙa ƙarfen ga injinan da ke murza shi ya zama rodi ko waya.

A Ajaokuta an fara ne da kafa injinan murza ƙarfe, waɗanda suka soma aiki a shekarun 1980 da ƙarfen da ake kawowa daga wani wuri. Manufar ita ce su riƙa kawo kuɗin shiga kafin a kammala sauran sassan.

A 1994 hukumomi suka ce an kammala kashi 98 cikin ɗari na aikin. Amma ba a kunna tanderun ba.

Inda matsalar take

Ita dai irin wannan tanderu, da zarar an kunna ta, sai ta shekara da shekaru tana ci dare da rana. Don haka tilas ne a tanadi tama da gawayin kwal da farar ƙasa waɗanda ba za su yanke ba.

Tamar Itakpe kuwa sai an tace ta sosai, kuma akasarin kwal ɗin da ya dace sai an shigo da shi daga waje.

Layin dogon da ya haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, wanda aka fara a 1987, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 da ƙarancin kuɗi su ma sun kawo cikas.

Sauyin hannu

A 2004 an miƙa kamfanin ga Global Infrastructure na Indiya, sai dai gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar a 2008. Taƙaddamar ta ƙare a 2022, bayan Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496.

Abin da Ajaokuta ke nunawa shi ne, ba da yawan injinan da aka kafa ake auna ci gaban irin wannan aiki ba. Muddin ba a shirya sufuri da ɗanyen kaya da kuɗin gudanarwa tare da injinan ba, kashi biyun da suka rage sun isa su hana kashi 98 amfani.