Tarihin Agogon Tabarau na VR a Cikin Burauza

Duk tabarau na VR, wato wanda ke rufe ido ya jefa mutum cikin duniyar da kwamfuta ta zana, yana da tambayoyi biyu da dole ya amsa: ina kai yake, kuma yaushe yake wurin. Ta biyun ce ta fi ba injiniyoyi wahala. Idan mutum ya waiwaya hoton ya makara, jiri da tashin zuciya ne ke biyo baya.

Bin motsin kai tsohon aiki ne. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau a Jami'ar Harvard, wani dogon ƙarfe da ya sauko daga silin yana auna juyin kan mai sanye da shi. Harkar ta sake zafi a 2012 da kamfanin Oculus ya tara kusan dala miliyan 2.4 a shafin tara kuɗi na Kickstarter. A 2013 John Carmack ya rubuta cewa daga motsin kai zuwa sauyin hoto bai kamata a wuce milisakan 20 ba, adadin da ya zama ma'aunin masu sana'ar.

To amma ba don irin wannan gaggawa aka gina burauza ba. Ta saba sabunta shafi sau 60 a daƙiƙa, alhali Oculus Rift da HTC Vive na 2016 suna neman sau 90, wato milisakan 11 da ɗoriya ga kowane hoto. Na'urar auna motsi ta Rift kuwa sau 1,000 take karatu a daƙiƙa. Agogo uku ke nan, kowanne da nasa taku.

A 2014 Vladimir Vukićević na Mozilla ya fara tsarin WebVR don haɗa tabarau da burauza, Brandon Jones na Google ya ɗauki ɓangaren Chrome. An fitar da sigar 1.0 a watan Maris na 2016, Firefox 55 ya kai shi hannun jama'a a Agustan 2017. A wannan tsari shafi ne ke tambayar tabarau matsayin kai, a ba shi amsa tare da hatimin lokaci. Aikin hatimin ƙarami ne: lamba ce da ba ta komawa baya, da ita mai rubuta manhaja zai gane ko bayanin sabo ne ko na ɗazu ne aka maimaita masa. Matsalar ita ce ko sabon ma, kafin a zana hoto a haska shi, kan ya riga ya gusa.

Maganin da aka tsaya a kai shi ne hasashe. Kamar maharbin da ke saita gaban tsuntsu mai tashi, na'ura tana duba saurin juyin kai ta lissafa inda zai kasance sa'ad da hoton zai haska. Daf da haskawar kuma sai ta ɗan karkata hoton da aka gama zanawa don ya dace da karatun ƙarshe. WebXR, wanda ya gaji WebVR a ƙarƙashin ƙungiyar W3C ya kuma shiga Chrome 79 a Disambar 2019, a kan wannan aka gina shi. Burauza ce ke kiran shafi a kan takun tabarau, ta miƙa masa matsayin kai na wannan hoto kaɗai; da kiran ya ƙare, ƙofar tambaya ta rufe. Daga baya aka ƙara wata lamba da ke faɗin lokacin da ake sa ran hoton zai bayyana. Hatimin da a da yake shaidar abin da ya wuce ya koma alƙawarin abin da ke tafe, kuma wannan ne sauyi mafi girma a tarihin.

Akwai kuma ɓangaren tsaro. Bayan an bankaɗo ɓarakar Spectre a Janairun 2018, masu burauza suka dakushe agogon da shafuka ke karantawa da gangan, don agogo mai kaifi yana taimakon masu kutse. Motsin kai shi ma sirri ne: wani bincike na Jami'ar Stanford a 2020 ya gane kashi 95 cikin 100 na mutum 511 daga bayanan motsinsu na ƙasa da minti biyar. WebXR dai ba ya aiki sai a shafi mai kariyar HTTPS, kuma ba ya shigar da mutum cikin tabarau sai shi da kansa ya danna ya nema.