Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Mata ta Birnin Lafiya

Mutumin Nangere ko na Potiskum, wanda in aka ambaci tamaula ba abin da ke faɗo masa sai Yobe Desert Stars, zai yi mamaki in ya ji cewa ƙungiyar matan da ta fi kowace shahara a Arewa tana zaune ne a wani birni mai nasaba da ƙasarsa, wato Lafiyar Barebari, wadda mutanen Barno suka kafa, wadda kuma ta zama hedikwatar Jihar Nasarawa a 1996.

Tun da aka soma gasar mata ta ƙasa a 1990, kofi bai gushe ba yana kewayawa tsakanin ƙungiyoyin Kudu, irin su Jegede Babes ta Legas da Pelican Stars ta Kalaba, alhali a galibin garuruwan Hausa iyaye da malamai ba su natsu da al'amarin ba, saboda sha'anin sitira da cuɗanya, har hukumar Zamfara ta hana wasan a shekarar 2000. Ana cikin haka ne gwamnatin Nasarawa, a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta kafa Nasarawa Amazons a 2004, ta kuma ɗauki nauyinta daga baitulmalin jiha.

Bayan shekara tara ana jimiri, sai Allah ya nufe su da kofin gasar a 2013. Suka maimaita a 2017, inda suka bar Delta Queens a matsayi na biyu. Sa'an nan a 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, suka doke Rivers Angels suka ɗauki Kofin Aiteo, a ranar da Kano Pillars ta ɗauki na maza. Mai horar da su a lokacin, Christopher Danjuma, har an danƙa masa 'yan matan Nijeriya masu ƙasa da shekara 20.

Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta halatta wa mace rufe kai a filin wasa, saboda haka wani sashe na uzurin da ake kawowa ya kau. Abin da ya saura shi ne wanda Lafiya ta riga sauran garuruwan Arewa samu: hukuma mai ɗorewa a kan ɗawainiya, da amana wadda za ta sa uba ya yarda ya saki 'yarsa.