Aron Suna da Gadon Sarauta: Tawayen Satiru da Masarautar Gwandu



A tarihin ƙasashe da dama akan sami mutumin da ya ari sunan da ba nasa ba don ya nemi mulki da shi. Abin tambaya ga ɗalibin tarihi shi ne, me ya sa jama'a masu hankali suke bin irin wannan mutum har su ba da rayukansu?

A ƙasar Rasha, Dimitiri ɗan Sarki Iban na huɗu ya rasu yana yaro a 1591, kuma zuriyar gidan ta ƙare a 1598. Bayan yunwar da aka yi daga 1601 zuwa 1603, sai wani ya fito daga Folan ya ce shi ne Dimitiri. Ya hau gadon sarauta a Mosko a 1605, aka kashe shi a 1606. Haka kuma a 1773 Pugachev ya yi sojan gona da sunan Sarki Bitrus na uku, talakawa suka dafa masa baya, har aka kama shi aka kashe a 1775.

A nan ƙasarmu, sunan da akan ara ba na ɗan sarki ba ne, na Mahadi ne, wanda ikonsa ya ɗara na kowane sarki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san haɗarin wannan da'awa, shi ya sa ya bayyana a rubuce cewa shi ba Mahadi ba ne. Amma da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, sai mutane da yawa suka ɗauka ƙarshen zamani ya zo.

A 1904 wani malami a Satiru, kudu da Sakkwato, ya yi da'awar Mahadiyanci, aka kama shi, ya rasu a tsare. Bayan shekara biyu ɗansa Isa ya tashi, tare da Ɗan Makaho wanda ya gudo daga ƙasar Zabarmawa. Talakawa da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu suka taru gare su. Ran 14 ga Fabrairu 1906 suka kashe Turawa uku, har da muƙaddashin Razdan, da sojoji fiye da ashirin. Ran 10 ga Maris aka ƙone garin ƙurmus.

To, ina Gwandu ta shigo? Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Turawa. Sarkin Gwandu Muhammadu kuwa, aka zarge shi da karkata ga 'yan tawayen, aka tuɓe shi a shekarar, aka naɗa Haliru Abdu. Wato da'awar da aka yi a wani ƙauye ita ce ta sauya mai riƙe da gadon Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga nan har ƙarshen mulkin mallaka, 'ya'yan gidan da ke riƙe da gundumomi irin su Kalgo sun san cewa gado kaɗai bai isa ba, sai da yardar Gwamna.

Lalle ne mu lura cewa a Rasha da Satiru duka, wahala ce ta riga mai da'awa zuwa: can yunwa da bautar gona, nan kuwa cin ƙasa da rushewar tsohon tsari. Ku da za ku riƙe aikin hukuma, ku tuna cewa idan talaka ya rasa wurin kai kuka, duk wanda ya zo da babban suna zai sami mai saurarensa.