Ƙirgen Wuri a Gobir da Adadin da Ba Ya Sauka Ƙasa da Sifili

A zamanin da Alkalawa take fadar Gobir, tun daga sa'ad da Sarki Babari ya kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci ta aka kashe Sarki Yunfa, wuri ne kuɗin kasuwa, kuma mai ƙirga shi yakan zauna a tabarma yana jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tarawa tsibi-tsibi, har in sun cika zambar ashirin a zuba su cikin keso. Irin wannan hisabi daga babu yake tashi ya hau sama. Wanda kuwa dukiyarsa ta gaza, bashi ake cewa yana kansa, a ambaci sunansa gaban shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ko Alkhawarizmi, da ya wallafa littafin aljabara a Bagadaza cikin ƙarni na 9, bai karɓi adadin da ke ƙasa da sifili a matsayin jawabi ba, alhali Brahmagupta na Indiya ya tsara ƙa'idojinsa tun 628.

Wannan mas'ala ce ta sake tasowa cikin rumbunan bayanai na kwamfuta, waɗanda Edgar Codd ya shimfiɗa asasinsu bisa jadawali a 1970. Daga cikin waɗannan rumbunan, ma'abota MySQL sun halatta adadi marar alamar ragi, ta yadda gurbi mai bayit ɗaya, maimakon ya ɗauki daga -128 zuwa 127, sai ya ɗauki daga 0 zuwa 255, mai bayit huɗu kuma ya kai 4,294,967,295. Ma'abota PostgreSQL kuwa, da yake ƙa'idar SQL ba ta zo da wannan nau'i ba, sun bar wa mai tsara jadawali ya gindaya sharaɗin hana sauka ƙasa da sifili da kansa.

Ni dai na fi karkata ga tsarin MySQL wajen lissafin shanu ko buhunan gero a kasuwannin Isa da Sabon Birni, domin yana rufe ƙofar kuskure tun daga bakin shiga. Sai dai magatakarda ya sani cewa in ya ɗebe buhu goma daga bakwai, na'urar za ta ƙi lissafin ɗungurungum, don haka wajibi ne ya keɓe wa gibi da bashi nasu gurbin daban.